Democrat da Republican: Ɗanjuma ne da Ɗanjummai?

Sabi'u Gwale:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga mutanenmu na Amurka ce. Duk lokacin zaɓensu sai ka ga mu nan mun rabu gida biyu, wasu Democrat wasu Republican, har zumunci na ɓaci. Ni kuwa iya bibiyar da na yi, a kan abu biyu ban ga inda suka bambanta ba: kuɗin manyan kamfanoni, da leƙen asirin jama'a. Dokar Patriot, wadda ta faɗaɗa ikon gwamnati na leƙen asiri, da Bush ya sa wa hannu a Oktoban 2001, sanatoci 98 ne suka amince da ita, mutum 1 tak ya ƙi. Obama ya zo ya sabunta sassanta a 2011. Ta ɓangaren kuɗi kuma, Robert Rubin na zamanin Clinton, Henry Paulson na zamanin Bush, Steven Mnuchin na zamanin Trump, duk sun riƙe ma'aikatar kuɗi, kuma duk daga bankin Goldman Sachs suka fito. To don Allah ina bambancin? Ni dai na ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Hajiya Rakiya:
Wa'alaikumussalam Malam Sabi'u. Ni aikin jinya nake yi a Texas, kuma wallahi duk wanda ya ce min ɗaya suke, sai in ce ya zo ya tsaya tare da ni a ɗakin marasa lafiya. Na ga dattijo mai ciwon suga yana raba allurar insulin ɗinsa, yana yin rabin abin da likita ya rubuta don kwalbar ta kai shi ƙarshen wata. Ba ya faɗa maka, sai ka auna jininsa ka ga abin da ya hau, ka matsa masa, sannan ya sunkuyar da kai ya ce kuɗin ne babu. A 2022 aka yi dokar da ta ƙayyade cewa tsofaffin da ke kan inshorar gwamnati ta Medicare ba za su biya fiye da dala 35 a wata kan insulin ba, kuma ta ba gwamnati damar yin ciniki da kamfanonin magani kan farashi. A Majalisar Dattawa 51 da 50 ta wuce, sai da mataimakiyar shugaban ƙasa ta lokacin, Kamala Harris, ta raba gardama, babu ɗan Republican ko ɗaya da ya goyi baya. Ga wannan dattijon akwai bambanci.

Sabi'u Gwale:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kuma ban raina wannan ba. Amma wa ya hana gwamnati cinikin tun farko?

Barista Nafi'u:
Dokar 2003 ce ta hana, zamanin Bush. Kuma cikin waɗanda suka yi ruwa suka yi tsaki wajen fitar da ita akwai ɗan majalisa Billy Tauzin, wanda bai daɗe da barin majalisa ba ya zama shugaban ƙungiyar kamfanonin magani. Tauzin ɗin nan asalinsa ɗan Democrat ne, a 1995 ya koma Republican. Ka ga maganarka tana da ƙafa, ta Hajiya ma tana da ƙafa.

Amma bari in ɗan tsawaita kan leƙen asiri, domin a nan ne nake ganin ana karanta abin ba daidai ba. Idan ka duba ƙuri'un majalisa, za ka ga tsagar ba tsakanin jam'iyyun biyu take ba. A cikin kowace jam'iyya take, tsakanin shugabanni da na ƙasa.

A watan Yunin 2013 Edward Snowden ya kwarmata cewa hukumar leƙen asiri ta NSA tana tattara bayanan kiran wayar Amurkawa gaba ɗaya: wa ya kira wa, yaushe, minti nawa. Wata guda bayan haka, 'yan majalisar wakilai biyu daga jihar Michigan, Justin Amash ɗan Republican da John Conyers ɗan Democrat, suka haɗa kai suka kawo gyaran da zai yanke wa shirin kuɗi. Aka kaɗa ƙuri'a, 205 suka ce a yanke, 217 suka ce a bari. Waɗanda suka tsaya wa NSA su ne fadar Obama, da Kakakin Majalisa John Boehner na Republican, da Nancy Pelosi jagorar Democrat. Mutanen da ba sa ga maciji da juna kan komai, ranar suka jefa ƙuri'a iri ɗaya.

A Afrilun 2024 aka sake irin wannan. Aka kawo gyaran da ya ce kafin FBI ta binciki saƙonnin Ba'amurke a cikin rumbun da aka tara ƙarƙashin sashe na 702 na dokar leƙen asiri ta FISA, wanda ke ba da damar tatsar saƙonnin baƙin da ke wajen Amurka, sai ta samo izinin alƙali. Ƙuri'a ta tashi 212 da 212, gyaran ya faɗi. Fadar Biden ta yaƙe shi, Kakaki Mike Johnson na Republican ya jefa ƙuri'ar ƙi. Masu goyon baya kuwa su ne 'yan ra'ayin riƙau na Republican da 'yan ra'ayin sauyi na Democrat. Saboda haka amsata ita ce: a kan wannan batu shugabannin ɗaya suke, amma a cikin kowace jam'iyya akwai kusan rabi ko fiye da ba su yarda ba, kuma sau biyu saura ƙiris su yi nasara.

Maryam Sani:
Barista ka manta da abin da ya fi ci min rai. Obama lokacin yana neman tikiti, ofishin kamfe ɗinsa ya yi alƙawarin zai tare duk dokar da za ta wanke kamfanonin waya da suka taimaka wa gwamnatin Bush sauraren mutane ba da izinin kotu ba. Da ya tabbatar tikiti ya zo hannu, a Yulin 2008, sai ya jefa ƙuri'ar amincewa da ita. A cikin wannan dokar aka haifi sashe na 702 ɗin. Sannan James Clapper, shugaban hukumomin leƙen asiri a gwamnatinsa, a Maris ɗin 2013 Sanata Ron Wyden ya tambaye shi a gaban majalisa ko NSA na tara bayanan miliyoyin Amurkawa, ya ce a'a. Wata uku gaskiya ta fito. Ba a gurfanar da Clapper ba, Snowden ne aka tuhuma da dokar cin amanar sirrin ƙasa, har yau yana Rasha.

Barista Nafi'u:
Gaskiya ne ƙanwata. Sai dai ki lura, Wyden ɗin da ya yi tambayar ɗan Democrat ne. Russ Feingold, mutum ɗayan da Malam Sabi'u ya ambata ya ƙi dokar Patriot, shi ma ɗan Democrat ne. Rand Paul da ya tsaya sama da awa 10 yana magana a zauren Majalisar Dattawa a 2015 don hana sabunta ta, ɗan Republican ne. Akwai su a kowane ɓangare, sai dai ba su ne ke riƙe da sitiyari ba.

Alhaji Ɗanladi Bronx:
Ni direban tasi ne, ba ni da ilimin Barista, amma na zauna a New York shekarun da abin ya yi tsanani. Akwai lokacin da in baƙuwar fuska ta shigo masallaci, sai ka ga hira ta mutu. Ana idar da sallah kowa ya ɗauki takalminsa. Mutum ya zo da gaske yana neman a taimaka masa da masauki, amma kowa na kallonsa da gefen ido. Limami ma in zai yi huɗuba kan Falasɗinu ko Iraƙi sai ya tauna kowace kalma. Abin da tsoron a ji ka yake yi wa jama'a ke nan, yana kashe yarda tsakanin 'yan'uwa tun kafin a kama kowa.

Maryam Sani:
Alhaji ba zargi ba ne kawai. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo cewa 'yan sandan birnin suna da sashe na musamman mai zana taswirar masallatai da gidajen abinci da ƙungiyoyin ɗaliban Musulmi. Magajin garin lokacin, Michael Bloomberg, ya kare aikin. Shi kuwa Bloomberg a Republican ya fara cin zaɓe, ya koma ɗan ba-ruwanmu, a 2020 ya nemi tikitin shugaban ƙasa a Democrat. Sai a 2014 aka rushe sashen, bayan Bill de Blasio ya hau.

Isuhu Maraɗi:
Ku yi haƙuri in sa baki. Duk wannan 212 da 212 da Barista ke faɗa, rigima ce kan haƙƙin Ba'amurke. Ni da ke Maraɗi, da Malam Sabi'u da ke Kano, ba mu cikin lissafin. Sashe na 702 ai dama don mu aka yi shi: baƙon da ke wajen Amurka ana iya tatsar saƙonninsa daga kamfanoninsu ba tare da an nemi izinin alƙali a kansa shi kaɗai ba. Takardun Snowden sun ambaci Google da Facebook da Microsoft da Apple. Wane ne cikinmu ba ya amfani da ɗayansu? Trump ya sabunta sashen a 2018, Biden ya sabunta a 2024. Gyaran da ya faɗi ɗin ma da ya wuce, ba abin da zai canza mana.

Kuma mu a Nijar mun gani da idonmu. A 2013, zamanin Obama, jiragensu marasa matuƙi suka fara tashi daga Yamai. Sansanin Agadas a zamaninsa aka fara gina shi, a zamanin Trump ya fara aiki, a zamanin Biden ya ci gaba. Ba wani zaɓen Amurka ne ya rufe shi ba, a 2024 hukumomin Nijar ne suka ce su tattara su tafi.

Hajiya Rakiya:
Malam Isuhu, a kan jiragen ban da ta cewa. Amma tunda ka kawo maganar mu baƙi, ka tuna da biza. Mako guda da hawan Trump a Janairun 2017 ya sa hannu kan dokar hana shiga, Sudan na ciki. Daga baya a shekarar aka sa Chadi. A farkon 2020 aka sa Najeriya, aka tsayar da bizar zama ta dindindin, wadda ita ce miji ke kawo matarsa da ita, ɗa ya kawo mahaifiyarsa. Biden ya soke ranar da aka rantsar da shi a 2021. Da Trump ya dawo, a Yunin 2025 ya sake sa Chadi da Sudan. Ga macen da ke zaune shekara da shekaru tana jiran takardar zuwa wurin mijinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Isuhu Maraɗi:
Na yarda Hajiya. Amma Obama ma ya kori baƙi sama da miliyan 2, har masu kare haƙƙin baƙi suka yi ta sukarsa a kai.

Sabi'u Gwale:
Mu koma kan kuɗi, don a can ne tushen. Shekarar 2008 Obama ne ɗan takarar babbar jam'iyya na farko da ya ƙi karɓar kuɗin kamfe na gwamnati a babban zaɓe, don ya samu damar tara na kansa ba iyaka. Hillary Clinton ta karɓi dala 675,000 kan jawabi uku da ta yi wa Goldman Sachs. Lokacin da bankuna suka durƙushe a 2008, dala biliyan 700 na ceto Bush ya sa wa hannu, kuma Obama da McCain duk sun jefa ƙuri'ar amincewa suna tsaka da takara da juna. Ministan tsaron Trump, Mark Esper, tsohon mai kamun ƙafa ne na kamfanin makamai na Raytheon. Na Biden, Lloyd Austin, daga kwamitin daraktocin Raytheon ɗin ya fito. A zaɓen 2024 Elon Musk ya zuba wa Trump sama da dala miliyan 250, ita kuma Harris ta tara sama da biliyan 1. Talaka a ina yake a nan?

Barista Nafi'u:
Duk abin da ka lissafa haka yake. Amma ka tambayi wa ya buɗe ƙofar. Shari'ar Citizens United ta Janairun 2010 ce ta ce kamfanoni da ƙungiyoyi na iya kashe kuɗi ba iyaka kan zaɓe muddin ba hannun ɗan takara suka miƙa ba. Alƙalai 5 suka rinjayi 4. Biyar ɗin duk shugabannin Republican ne suka naɗa su. Cikin huɗun da suka ƙi, uku naɗin Clinton da Obama ne, na huɗun John Paul Stevens naɗin Ford ne. Bayan hukuncin, 'yan Democrat suka kawo dokar da za ta tilasta bayyana sunan duk mai zuba kuɗi a ɓoye. A 2010 ta samu ƙuri'a 59 a Majalisar Dattawa, ana buƙatar 60, 'yan Republican suka tare. An sake kawo ta a 2012 da 2022, suka sake tarewa.

Ga haraji kuma. A 2017 aka rage harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21 cikin ɗari, ba ɗan Democrat ko ɗaya da ya jefa wa dokar ƙuri'a. Wannan ba maganar baki ba ce, rubutacciyar ƙuri'a ce.

Maryam Sani:
Barista, kawo doka lokacin da ka san ba za ta wuce ba abu ne mai sauƙi. Gwajin gaskiya shi ne lokacin da kake da rinjaye. A 2009 'yan Democrat suna da kujera 60 a Majalisar Dattawa, amma aka cire zaɓin inshorar gwamnati daga dokar lafiya ta Obama saboda Joe Lieberman ya ƙi, shi kuwa daga Connecticut yake, cibiyar kamfanonin inshora. A 2022 Kyrsten Sinema ta ce ba za ta goyi bayan dokar da Hajiya ke yabo ba sai an cire sashen da zai taɓa rangwamen harajin manyan masu juya hannun jari, kuma aka cire. Zamanin Biden suna da Fadar White House da majalisu biyu, harajin kamfanonin nan bai koma ko 28 ɗin da ya yi alƙawari ba. Kullum sai an samu mutum ɗaya ko biyu da za su tare hanya, kuma kullum ɓangaren masu kuɗi suke tarewa. Kuɗin ɓoyen da suke kuka da shi, a zaɓen 2020 su ne suka fi cin moriyarsa.

Barista Nafi'u:
Ba zan musa ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, a waɗannan ƙuri'un mutum ɗaya ko biyu ne suka tare daga wannan ɓangare, daga wancan kuwa dukkansu ne.

Baba Tanko:
'Ya'yana na karanta duka, Allah ya yi muku albarka. Mu da muka ga 1979, mun san jam'iyya na iya bambanta da 'yar'uwarta ta yadda talaka zai ji a jikinsa. PRP ta ci Kano da Kaduna, Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ba sai an yi wa manomi bayani ba. Ma'aunina ke nan har yau: wa aka ɗauke wa nauyi, wa aka ɗora wa. Da wannan ma'auni, maganar Hajiya ta insulin bambanci ce ta gaske. Amma maganar Isuhu ma gaskiya ce, kuma ta fi zafi, domin shi ba shi da ƙuri'a a wurin da ake yanke hukunci a kansa.

Alhaji Ɗanladi Bronx:
Baba ran ka ya daɗe. To mu masu ƙuri'ar me za mu yi? A 2024 da yawa cikin mutanenmu sun ƙi fita saboda Gaza. Wasu sun ba Jill Stein ta jam'iyyar Green. Ni kaina na daɗe a cikin rumfar zaɓe ina kallon takardar.

Sabi'u Gwale:
Ai shi ne daidai Alhaji, a ba jam'iyya ta uku, ko su ji a jikinsu.

Barista Nafi'u:
Tsarin zaɓensu ba ya barin ta uku ta numfasa. Wanda ya fi ƙuri'a a jiha ya kwashe duka wakilan zaɓen jihar, in ban da Maine da Nebraska. Ross Perot ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari a 1992, bai samu wakilin zaɓe ko ɗaya ba. A 2000 Ralph Nader ya samu ƙuri'a sama da 97,000 a Florida, Bush ya ci jihar da tazarar 537. Har yau ana gardama ko laifin Nader ne, amma abin da ya biyo baya kowa ya sani: Iraƙi, Guantanamo, dokar Patriot.

Maryam Sani:
Yaƙin Iraƙin da Biden da Hillary Clinton da John Kerry duk suka jefa wa ƙuri'ar amincewa a 2002.

Barista Nafi'u:
Haka ne, kuma mafi yawan 'yan Democrat na Majalisar Wakilai sun ƙi. Kin ga mun sake dawowa kan shugabanni da na ƙasa. Shi ya sa nake cewa masu kuɗin sun fi mu sanin inda faɗan yake: zaɓen fid da gwani. A 2024 wata ƙungiyar kamfe mai alaƙa da AIPAC, ƙungiyar masu goyon bayan Isra'ila, ta kashe sama da dala miliyan 14 don kayar da Jamaal Bowman a zaɓen fid da gwani na Democrat, mazaɓar da ta ɗan shigo Bronx ɗinku, Alhaji. Kamfanonin kirifto suka zuba kusan miliyan 10 don kayar da Katie Porter a California, ita ma a fid da gwani. Da a ce kowane ɗan majalisa ɗaya ne a wurinsu, ba za su yi asarar wannan dukiya don cire mutum ɗaya ba.

Hajiya Rakiya:
Kuma ba kullum kuɗin ke ci ba. A zaɓen magajin garin New York na 2025 attajirai, har da Bloomberg, sun tara wa Andrew Cuomo miliyoyi, Zohran Mamdani ya kayar da shi a fid da gwani, ya sake kayar da shi a babban zaɓe.

Alhaji Ɗanladi Bronx:
Wannan kam a gabanmu aka yi. Direbobin tasi ba su manta da shi ba, domin a 2021 ya shiga yajin cin abinci tare da su kan bashin lambar tasi da ya kai wasu ga halaka kansu. Kuma birnin yana da tsarin da in ka ba ɗan takara ɗan abin da kake da shi, gwamnati na ninka masa sau 8. Dala 20 ɗina ta zama abu.

Isuhu Maraɗi:
Madalla da wannan, amma magajin gari ba ya riƙe da NSA. Ku nuna min shugaban ƙasa ɗaya, daga kowace jam'iyya, da ya hau ya rage wa kansa wannan iko.

Barista Nafi'u:
Mafi kusa shi ne dokar 2015 da Obama ya sa wa hannu, wadda ta hana gwamnati riƙe bayanan kiran waya gaba ɗaya a hannunta. Sai dai ba don ra'ayin kansa ba ne, sai da Snowden ya fasa ƙwai, kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin ya wuce abin da doka ta ba da dama. Haka ma dokar FISA ta 1978 ta zo ne bayan kwamitin Sanata Frank Church ya tono abin da FBI da CIA suka yi, har da bibiyar Martin Luther King, wanda Robert Kennedy, ɗan Democrat, ya ba da izinin a saurari wayarsa a 1963. Sashe na 702 kuwa, wanda ya shafe ka, dokar 2015 ba ta dakatar da shi ba.

Sabi'u Gwale:
To Barista, a kan haraji da magani da biza na karɓi hujjarku, akwai tazara. Amma a kan tatsar bayanan wanda ba Ba'amurke ba, da kuɗin kamfanonin makamai, ina nan kan bakana, kuma kai ma ba ka kawo abin da ya rushe ta ba.

Alhaji Ɗanladi Bronx:
Barista, wannan ƙuri'a ta 212 da 212, ta yaya zan san ɓangaren da ɗan majalisarmu ya jefa? Ina so in kai maganar taron ƙungiyarmu kafin fid da gwani mai zuwa.

Barista Nafi'u:
Tana nan a shafin intanet na Akawun Majalisar Wakilai, Alhaji, suna bayan suna. Ka duba ƙuri'un ranar 12 ga Afrilun 2024, gyaran da Andy Biggs ya gabatar. In ka samu sunan naku, ka kira ofishinsa na mazaɓa ka nemi a faɗa maka dalilinsa, kuma ku je ku da yawa, kada ka tafi kai kaɗai.